Kifi Ma Matafiyi Ne

Kowa a Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana ya san cin rani. In an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, samari sukan ɗauki jaka su nufi Katsina, Kano, Kaduna ko Legas. In hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai su juyo gida su ɗauki fartanya. Tafiyar tana da lokaci, tana kuma da dalili.

To, kifi ma haka yake. Ba ya zama wuri ɗaya har shekara ta zagayo. Yana da lokacin tafiya da lokacin komowa, a gulbi yake ko a teku. Abu biyu ne ke tayar da shi: neman abinci da neman wurin zuba ƙwai. Masuncin da ya san wannan tafiya ba ya rasa na cefane. Amma wanda ya tare hanya ya kwashe kifi kaf a ranar da za shi zuba ƙwai, ya ci na bana ya haɗa da na baɗi.

Hanyar ruwa daga Katsina zuwa teku

Kafin a gane tafiyar kifi, sai an fara sanin tafiyar ruwa. Ruwan saman da ke sauka a yammacin Jihar Katsina yana bin ƙoramu zuwa manyan gulabe irin su Karaduwa, Bunsuru da Gada. Waɗannan su ke kai shi Gulbin Rima. Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya wuce ta Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kogin Kwara, wanda ake kira Neja. Daga nan ruwan ya bi ta Yawuri da tafkin Kainji da Jabba, ya haɗu da Kogin Binuwai a Lakwaja, ya gangara kudu har teku.

Ke nan ruwan da ya sauka a gonar manomin Yasore, idan bai nutse a ƙasa ba kuma rana ba ta shanye shi ba, ƙarshensa teku. Ruwa yana gangarawa ƙasa. Kifin gulbi kuwa, in lokacinsa ya yi, sama yake hawa, yana tunkarar ruwan da ke sauka.

Tafiyar kifin gulbi

Da rani yawancin gulaben wannan yanki sukan tsaya, a bar rairayi tsagwaro. Kifin da ya rage yakan taru a gurabu masu zurfi da cikin madatsun ruwa, wato dam. Gaiwa kuwa dabararta daban ce. Takan shige cikin taɓo ta kwanta a busasshiyar ƙasa wata da watanni, tana shaƙar iska kaɗan-kaɗan, har ruwa ya dawo.

Da zarar ruwan farko ya sauka, jan ruwa ya fara shigowa daga ƙoramu, sai kifi ya motsa. Tarwaɗa ce kan gaba. Takan bar wuri mai zurfi ta bi sabon ruwa zuwa fadamar da ta cika, inda ciyawa ta nutse. Da dare take zuba ƙwanta, ƙwan ya manne a jikin ciyawa. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ya ƙyanƙyashe. Babbar tarwaɗa guda ɗaya tana ɗauke da ƙwai dubu goma-goma. Tana kuma da wata halitta a cikin kanta wadda take shaƙar iska da ita. Shi ya sa takan iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan.

Ƙananan kifaye irin su kawara sukan hau gulbi garke-garke. Karfasa ba ta nisa sosai, takan matso bakin gaɓa ne inda ruwa ba zurfi. Namiji ya share ɗan rami a rairayi, mace ta zuba ƙwai. Akwai irin karfasar da uwar ke kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta har ya ƙyanƙyashe. Wanda ya kama irin wannan uwa a lokacin, ya kashe ɗaruruwan 'ya'ya tare da ita.

Me ya sa kifi ke son fadama? Saboda can abinci yake. Sabon ruwa yana jiƙa kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, ƙananan ƙwari su yawaita. 'Ya'yan kifi su ci su girma, ciyawa kuma ta ɓoye su daga manyan kifaye da tsuntsaye. In kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, sai iyaye da 'ya'ya su gangaro su koma wuri mai zurfi. Wannan shi ne lokacin da su ya fi albarka, domin kifi ya riga ya haihu, ya kuma yi ƙiba.

Abin da madatsa ta canza

An gama gina madatsar Zobe a kan Gulbin Karaduwa, a ƙasar Dutsin-Ma, a shekarar 1983. Daga baya aka gina ta Jibiya a kan Gulbin Gada. Waɗannan madatsu sun kawo ruwan da ba ya ƙafewa da rani. Sun kawo noman rani, sun kuma sa su da kwale-kwale ya zama sana'ar shekara a inda da can ba a yin sa sai da damina.

Sai dai madatsa bango ce. Kifin da ke ƙasanta ba shi da hanyar hawa ya wuce ta. Wanda ke cikinta kuwa hanyarsa ta ragu. Ba shi da wurin zuwa sai bakin ƙoramun da ke zuba a cikin madatsar da gefen da ruwa ke malala. Nan kifi yake cunkushewa a farkon damina. Nan ne kuma wasu ke kafa taru daga wannan gaɓa zuwa waccan, su toshe hanyar gaba ɗaya. A mako guda mutum ya cika kwanduna. Bayan shekara biyu ko uku kowa ya shiga kukan kifi ya ƙare.

Wani matafiyi a cikin teku

A teku ma labarin ɗaya ne, sai dai tafiyar ta fi nisa. Daga Katsina zuwa bakin teku a Legas ya fi kilomita 1,000. Ruwan teku na gishiri ne, kowace lita tana ɗauke da wajen giram 35 na gishiri. Tarwaɗa ba za ta rayu a cikinsa ba. Kifin teku na ainihi shi ma ba zai rayu a Zobe ba.

Duk da haka mutanen karkara sun san kifin teku, domin suna saye a kasuwa. Kifin ƙanƙara da ake kira Titus daga teku yake, ana kawo shi a manyan jirage daga ƙasashen Turai irin su Norwe da Holan. Wannan kifi yana da wani ɗan'uwa mai suna bonito. Danginsu ɗaya da tuna, wanda akan sa a gwangwani.

Bonito kifi ne mulmulalle, tsini gaba tsini baya. Bayansa shuɗi-shuɗi ne da ratsin baƙi a karkace, cikinsa fari kamar azurfa. Yawanci tsawonsa kamu ɗaya ne, wato wajen santimita 50, amma akwai wanda ke kai 90. Yana da haƙora masu kaifi, abincinsa ƙananan kifaye irin su sadin. Yawancin kifaye suna da wata 'yar jakar iska a ciki wadda ke hana su nutsewa in sun tsaya. Bonito ba shi da ita. Don haka ba ya tsayawa, kullum cikin gudu yake, dare da rana.

Ana samunsa a Tekun Atilantika, har da gaɓar Afirka ta Yamma, da Bahar Rum da Baƙin Teku, wanda ake kira Bahar Aswad. Tafiyarsa da aka fi sani ita ce ta ƙasar Turkiyya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ake zafin bazara a nan, can hunturu ne ke janyewa, ruwa yana fara ɗumi. A lokacin ne garkunan bonito ke tashi daga kudu su nufi Baƙin Teku don zuba ƙwai da kiwo. Dole su bi ta wani siririn mashigi mai suna Bosforus, wanda ya ratsa tsakiyar birnin Santambul. Tsawon mashigin wajen kilomita 30 ne, a wani wurin faɗinsa bai wuce mita 700 ba. Daga watan Satumba sai su juyo ta wannan mashigi da ƙiba, tare da 'ya'yan da suka tasa. Mutanen Turkiyya suna kiran wannan kifi palamut.

A duba a gani. Mashigin Bosforus ga bonito kamar bakin ƙorama ne ga tarwaɗar Zobe. Da za a toshe shi da raga a lokacin hawa, da an gama da kifin. Shi ya sa gwamnatin Turkiyya take hana manyan jiragen su masu jan raga fita daga 15 ga Afrilu zuwa 1 ga Satumba kowace shekara. Masu ƙananan jirage da ke kamu a kusa da gaɓa ba sa cikin wannan hani.

Yadda mai ƙaramin jirgi yake kama shi

A lokacin tafiya bonito yakan matso kusa da gaɓa yana bin ƙananan kifaye. Wannan ita ce damar talaka mai ƙaramin jirgi, wanda ba shi da halin shiga tsakiyar teku.

Da asuba yake fita, lokacin da iska ba ta tashi ba. Abin da yake fara dubawa shi ne tsuntsaye. In ya hango su sun taru suna faɗawa ruwa suna tashi, ya san akwai dalili. Bonito ne ya koro ƙananan kifaye daga ƙasa zuwa saman ruwa, tsuntsaye kuma suna tsinta daga sama. Ruwan wurin sai ka ce tukunya tana tafasa.

Gwanin masunci ba ya kutsa jirgi tsakiyar garke, domin ƙarar inji za ta sa kifin ya nutse ya watse. Gefe-gefe yake zagayawa a hankali, yana jan igiya a bayan jirgi. Ba lallai ya sa tana ko nama a ƙugiya ba. Farin gashin tsuntsu yake ɗaurawa, ko ɗan ƙarfe mai ƙyalli. In jirgi yana tafiya, abin yana wulƙawa a ruwa kamar ƙaramin kifi mai gudu, sai bonito ya kai masa cafka. A Turkiyya akan jera ƙugiyoyi masu gashi da yawa a igiya ɗaya, kamar yadda masuntan gulbi ke jera mamari. Igiyar da ke kusa da ƙugiya sai ta zama mai kauri, don haƙoran kifin suna tsinka siririya.

Irin wannan kamu ba ya ƙarar da kifi. Ƙugiya ɗaya kifi ɗaya take ɗauka, sauran garken ya wuce abinsa.

A gaɓar Afirka ta Yamma ma masu kwale-kwale suna lura da lokaci. A ƙasar Gana, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ɗauke da abinci. Sadin ya zo ci, manyan kifaye su biyo sadin, masuntan Elmina da Tema su biyo su duka. A garuruwa da yawa na bakin tekun Gana al'ada ce tun ta kaka da kakanni ba a fita su ranar Talata. A shekarar 2019 kuma, da aka ga kifi yana raguwa, gwamnatin ƙasar ta dakatar da masu kwale-kwale na wata guda, daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni.

Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne

Kada a ɗauka wannan dabara ta mutanen nesa ce kaɗai. Ƙasar Hausa ta san ta tun da daɗewa. A Argungu akwai wurin da ake kira Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu don ƙarfafa zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin lura a nan shi ne, ba a barin kowa ya yi su a wannan wuri sai ranar da aka buɗe shi. Sarkin Ruwa ne ke kula da haka. Ranar biki dubban mutane ke faɗawa ruwa da koma da gora, a fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru su ɗaga. Da kullum ake shiga wurin, da kifin bai kai wannan girma ba.

Doka ma tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta hana kamu da guba, da abin fashewa, da wutar lantarki. Ta kuma hana aiki da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, sai ga wasu ƙananan kifaye da dokar ta ware. Ke nan gidan sauro ba abin su ba ne. An raba shi don kare yara daga zazzaɓi. In aka ja shi a ruwa yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai farce ba. Maganin ƙwari irin su Gamalin kuwa yana kashe duk abin da ke cikin ruwa. Yana cutar da wanda ya ci kifin, da dabbar da ta sha ruwan, da matar da ta ɗiba ta kai gida.

Ran masunci ya fi kifi

Lokacin da kifi ke motsi a madatsa shi ne lokacin da ruwa ya fi haɗari. A farkon damina hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, sau da yawa da yamma. Cikin ɗan lokaci ruwan da ke kwance sai ya tashi da igiya. Kwale-kwale ba ya jure wannan.

A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin fito ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Jirgin ya ɗauki mutane fiye da ƙarfinsa. Ruwan madatsa ne, irin na Zobe da Jibiya.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da mai kwale-kwale zai kiyaye kafin ya tura jirgi:

1. Ya dubi gabas. In hadari ya haɗu, ya haƙura. In yana cikin ruwa ya ji iska ta juya da sanyi, ya nufi gaɓa mafi kusa, ko da ba tasu ba ce.
2. Ya duba jirgi ko yana yoyo, ya toshe. Ya riƙe ƙwarya ko roba ta kwashe ruwa, da filafili na biyu.
3. Ya sa rigar hana nutsewa. In babu, ya ɗaura gora ko jarkar da ba kome a ciki, an rufe bakinta gam.
4. Kada ya yi wa jirgi lodi. In ruwa ya kusa kai baki, a rage kaya ko mutane.
5. Ya san inda kututturan itatuwa suka nutse, domin madatsa a kan daji da gonaki aka yi ta.
6. Ya gaya wa na gida inda za shi da lokacin da zai komo.
7. In jirgi ya kife, ya riƙe jikin jirgin ya yi kira. Gaɓa takan yi kusa a ido, ta yi nisa a hannu.

Bayan an kama

Masu kama bonito sun san namansa ba ya jiran rana. Da sun ciro shi sukan yanka shi jini ya fita, su sa a ƙanƙara nan take. Dalili shi ne, kifin wannan dangi in ya daɗe cikin zafi yakan haifar da wata guba a cikin namansa. Suya ko dahuwa ba ta kashe ta.

Wannan ya shafi mai sayen Titus a kasuwar ƙauye. In ƙanƙara ta narke kifin ya wuni a rana, akwai haɗari. Wanda ya ci irin wannan yakan ji yaji-yaji a baki, fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, wani har da gudawa. Yawanci abin yakan wuce cikin sa'o'i. Amma in numfashi ya fara wuya, a garzaya asibiti. A sayi wanda ke da sanyi, namansa da tauri, ba ya wari. In an kai gida a dafa da wuri.

Kifin madatsa ma kada a bar shi cikin ruwan ƙasan jirgi yana shan rana. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Wanda ba za a sayar ɗanye ba, a fede a wanke a ɗora a banda tun a ranar.

Abin da jama'a za su iya yi

Mutum ɗaya ba ya iya hutar da ruwa. In ya janye tarunsa, wani zai kafa nasa a wurin. Aikin na taro ne. Masunta su zauna da Sarkin Ruwa da dagaci da ma'aikacin kifi na ƙaramar hukuma. Su yarda a kan makonnin farkon damina da za a bar bakin ƙoramu a buɗe. Su yarda a kan girman idon raga, da tarar da za a ci wanda ya saɓa. A rubuta yarjejeniyar a takarda, kowa ya sa hannu.

Yana da kyau kuma kowace ƙungiya ta ajiye ɗan littafi. A rubuta ranar da ruwan farko ya shigo, da ranar da aka fara ganin tarwaɗa mai ƙwai, da yawan abin da aka kama kowane wata. Bayan shekara uku littafin da kansa zai nuna lokacin da kifin wannan ruwa yake tafiya, da ko yana ƙaruwa ko raguwa.

Manomi komai yunwa ba ya cinye irin shuka. Uwar kifi mai ƙwai ita ce irin masunci. A bar ta ta hau ta haihu, a jira ta a hanyar komowa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye masu shiga ruwa.